Farcen Babban Yatsan Baba

Ni ce na yanke wa Baba farce. Gara in faɗa tun da wuri, don in na bari sai ƙarshe zan lalubo wa kaina uzuri, na san halina.

Kwana biyu ke nan da kwantar da shi a asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai ido yake bin mu da shi. Ina zaune a gefensa na ga babban yatsansa na hagu a kan farin zanin gado, farcen nan zaƙo-zaƙo, mai kauri, ƙarƙashinsa ya yi baƙi-baƙi kore-kore kamar gindin tsohuwar tukunya. Tun ina yarinya farcen nan yake ba ni haushi. Sauran tara yana yanke su tsaf, wannan ɗayan kuwa ba a isa a taɓa shi ba. Na ce a raina, yau dai ka shigo hannu. Na ciro abin yankan farce daga jaka, na datse shi har ƙasa, na goge wurin da auduga. Baba ya yi wani irin gurnani, ya fizge hannun, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Na ce, "Sannu Baba, ai na gama." Na ɗauka nama na taɓo.

A wani kamfanin haɗa magunguna nake aiki, a ɗakin gwaji. Aikina awo ne: in auna gari, in narkar, in zuba a ƙananan kwalabe, in rubuta. Farar riga, hula, safar hannu, farce a yanke kullum, doka ce. Inna tana kirana Likita, ba don girmamawa ba, don tsiya. In na ce a sake wanke kofi sai ta ce, "To, Likita ta yi magana."

Baba kuwa mai kula da lambu ne, ya fi shekara talatin yana yi wa wata makaranta aiki kafin ya ajiye. Mutum ne da in ka tsinki fure a gabansa sai ya yini bai kula ka ba. Amma akwai itace guda a tsakar gidanmu, can jikin katanga, da ya ɗora wa karan tsana. Haka dai muke gani. Kowace safiya kafin ya sha shayi zai je ya tsaya a gindinsa, yana mintsinar ganye ɗaya bayan ɗaya yana ƙunƙuni. Inna takan leƙa ta taga ta ce, "Ga shi can, ya tafi wurin abokin faɗansa." Mu yi ta dariya. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili, shi kuma Baba ba mai bayani ba ne. Itacen muna ce masa Mai Ɗaci. Daga baya na san sunansa na littafi, amma ba zan faɗa ba, kada wani mai rawar kai irina ya je ya ƙona fatar uwarsa.

Saboda Inna aka shuka shi. Ita tela ce, kuma tun bayan haihuwata yatsunta suka fara sanƙarewa. In ciwon ya motsa gaɓoɓin su kumbura, ko zare ba ta iya tsinkawa. Ta sha ƙwayoyin asibiti, wasu su ɗan taimaka, wasu su tayar mata da ciki. Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne man da Baba ke haɗa mata. A ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin yana da akwatunan katako huɗu, an rufe samansu da raga, cike da korayen tsutsotsi masu ɗigon rawaya, irin waɗanda ke komawa malam-buɗe-littafi. Ganyen Mai Ɗaci kaɗai suke ci. Abin da yake nema a wurinsu kuwa, ku yi haƙuri, kashinsu ne. Yana zubowa ta ƙasan akwati a kan takarda, ƙanana baƙaƙe kamar ganyen shayi. Baba ya shanya a inuwa, ya daka a ɗan turmi, ya cuɗa da kakin zuma da mai, ya cika kwalba. Inna ta shafa da safe, kafin hantsi ya dubi ludayi keken ɗinkinta ya fara kuka.

Ina ƙarama babu inda nake so kamar ɗakin nan. In rana ta karkata haske yakan shigo ta ragar taga ya kwanta a kan akwatunan, komai ya koma kore, har hannuna. In na yi shiru sai in ji su suna ci, ƙas-ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan kwano daga nesa. Nakan kwanta a kan buhun da ke ƙasa in rufe ido, in ga kamar ɗakin ya tashi da ni yana yawo a cikin ruwan sama da ba ya jiƙa kowa. Wata rana in farka in tarar guda ta fito daga gidan da ta saƙa wa kanta, fukafukanta a jiƙe, tana buɗe su tana rufewa a kan gwiwata. Baba yakan ɗauke ta a kan farcen nan nasa ya kai ta taga. Da na girma na shiga makaranta sai na fara jin kunyar ɗakin. In ƙawayena sun zo nakan ja ƙofar in ce tarkace ne a ciki.

Bayan sati uku aka sallamo Baba. Hannunsa na hagu yana motsi, amma rawa yake yi, cokali ba ya kaiwa baki sai ya zubar. Nan rigimar ta fara, domin Baba ya ƙi cin abinci daga hannun kowa sai na Inna. Ni dai in na kawo cokali sai ya datse baki ya kau da kai wajen bango. Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi fushi na fita na dawo, ko a jikinsa. Inna tana zama a bakin gado, ta ce, "Buɗe bakin nan, rigimamme," sai ya buɗe kamar ɗan tsako. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ni ce nake juya shi, ni ce nake canza masa zani, amma cokalina ya zama abin ƙi.

Wata biyu muka yi haka lafiya lau, har kwalbar Inna ta kusa ƙarewa. Ban damu ba. Tun ranar da Baba ya faɗi ni nake kula da tsutsotsin, kuma a ganina ba su taɓa jin daɗi irin na zamanina ba. Na wanke akwatunan da ruwan zafi. Na jefar da tsofaffin takardu na shimfiɗa sababbi. Ganye kuwa, da na duba rassan ƙasa inda hannun Baba ke kaiwa, sai na ga duk sun lalace, kowanne da tabo, gefensa ya yi duhu. Na ce wannan ai cuta ce. Na aro tsani wurin maƙwabcinmu kafinta, ina hawa can sama ina zaɓo masu sheƙi, waɗanda ko ƙuda bai sauka a kansu ba, in wanke su sau biyu in tsane. Tsutsotsin suka yi ɓul-ɓul, suka ninka girmansu na da. Na tara kashin, na shanya, na daka, na auna kakin a sikeli, ba da ido ba irin na Baba. Man ya fito sumul, ya fi nasa kyaun gani. Na ajiye wa Inna a gabanta ina jiran yabo.

Ta shinshina ta ce, "Ba ya wari."

Na ce, "Tsabta ce, Inna."

Ta shafa kwana ɗaya, biyu, biyar. A rana ta shida keken ɗinki ya yi shiru. A ta tara na shigo na tarar da ita tana ƙoƙarin ɗaukar cokali da tafin hannu biyu, ya suɓuce ya faɗi ƙarƙashin gado. Baba yana kallonta, ita tana kallon ƙasa.

A nan ne na yi wautar da ta fi ta farko. Na ce to, in dai maganin a ganye yake, me ya kai mu bi ta cikin tsutsa? Na tafi da ganyen wurin aiki, na jiƙa, na tace, na ƙafar da ruwan har ya yi kauri, na cuɗa da kaki. Allah ya sa na ce a gwada a bayan hannun Inna tukuna. Kafin a yi minti goma wurin ya yi ja, kafin yamma ya tashi bororo. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dubi hannun ta ce, "Likita, wannan na fiɗa ne ko na gashi?"

Baba ya daina ci. Na ɗaura wa Inna cokali a hannu da ƙyalle, ta kai rabin hanya zafi ya hana ta. Na riƙe hannunta ina kaiwa, ya gane hannuna ne ke tuƙi, ya kau da kai. Ruwa kawai yake karɓa, shi ma a bakin kofi, kurɓa biyu. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta auna shi ta ja ni waje. Ta ce in ya kai ƙarshen sati a haka, sai an mayar da shi asibiti an zura masa bututu ta hanci. Ta ce masu shekarunsa in suka saki abinci, ba kasafai suke komawa ba.

Kowace safiya in na shiga ɗakinsa sai in same shi yana kallon taga, yatsunsa biyu na hagu, babba da manuni, suna kama zanin gado suna saki, suna kamawa suna saki. In na matso sai ya kama bayan hannuna ya yi mini haka. Na tambayi ma'aikaciyar jinyar, ta ce wasu masu irin ciwon sukan yi. Sai in buɗe masa tagar ya sha iska, in cire hannuna in tafi aiki.

Ranar Laraba na kankare ɗan abin da ya maƙale a gindin tsohuwar kwalbar Baba, bai fi kan cokali ba. Na haɗa da nawa man da kuma wanda ya ƙona Inna, na kai wa Mai Tabarau. Shi ne dattijon da ke kula da babbar na'urar ɗakinmu, wadda ke rarrabe abin da ke cikin magani ta zana a allo kamar jerin duwatsu, kowane sinadari da tsauninsa. Mutum ne mai sanyin magana, in yana bayani sai ka ji kamar ka tura shi. Da la'asar ya kira ni.

Ya nuna zane na farko. "Wannan na ɗanyen ganye ne. Kin ga tsaunin nan? Shi ne mai ƙuna. A sauran biyun babu shi. Cikin tsutsar ne ya cinye shi."

Na ce, "Na gani."

"Wannan kuma na tsohuwar kwalba ne. Dubi nan." Wani dogon tsauni ne tsaye shi kaɗai. "A naki ga wurinsa, ɗan tudu ne kawai, kaza ma ta tsallake. Kin tabbata itace ɗaya ne?"

"Itace ɗaya, tsutsa ɗaya. Nawa ma sun fi ƙoshi."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa har na fara kaɗa ƙafa. Sannan ya ce, "Ai ƙoshin ne abin dubawa. Itace ba ya gudu, ba ya cizo. Akwai waɗanda in an ji musu ciwo sai su dafa ɗaci su aika wa ganye, don mai ci ya ji a jikinsa. In ba a taɓa su ba, ba sa wahalar da kansu. Tsutsarki ganyen da ke zaman lafiya take ci. Shi mahaifin naki, wane irin ganye yake ba su?"

Na buɗe baki zan ce ganye dai, sai na tuna ashe tabon ganyen Baba ma ciwo ne. Ban san lokacin da na zauna a kan kujerarsa ba. Farin ɗakin nan ya yi nisa, ƙarar na'ura ta koma ƙas-ƙas-ƙas, na ga Baba a gindin itace da sassafe, bayansa a ɗan duƙe, hannun hagu a sama. Na ga zanin gado yana shiga tsakanin yatsu biyu yana fita. Na ga abin yankan farcena. Mai Tabarau yana ta magana, ban ji ko ɗaya ba.

Ko farar rigar ban cire ba na fito. A mota ina kallon itatuwan bakin titi suna wucewa, kowanne shiru, ina tunanin wanne ne a cikinsu ke dafa wani abu a ɓoye. Da na isa gida ban shiga ɗaki ba, na wuce jikin katanga. Tsofaffin ganyen rassan ƙasa suna nan, waɗanda na ce cuta ce. Na jawo ɗaya na duba da kyau. Tabon ba zagaye ba ne, ba kuma cin ƙwaro ba ne. Ɗan lanƙwasa ne kamar jinjirin wata, a gefen jijiyar ganye. Na duba na kusa da shi, haka. Na gaba, haka. Reshe guda cur, jinjirin wata a kan kowane ganye, duk girmansu ɗaya, girman farcen da na jefa a kwandon sharar asibiti. Na tsaya a wurin na yi kuka mai isata, kafinta yana leƙowa ta kan katanga yana tambaya ko tsanin ne ya karye.

Na goge fuska na shiga. Inna tana zaune da hannuwanta a cinya kamar ba nata ba. Na ce ta matsa, na ɗaga Baba na sa shi a keken guragu. Ya yi sauƙi ƙwarai, har na tsorata. Na tura shi tsakar gida, na tsayar da keken a gindin Mai Ɗaci. Rana ta yi sanyi, haske yana ratsowa ta cikin ganye yana yawo a kan fuskarsa. Ya ɗaga kai a hankali yana kallon rassan, ya daɗe, kamar mai duba 'yan'uwa a cikin taro.

Na jawo reshe mai sabon ganye na sa masa guda tsakanin yatsunsa. Ya matsa. Ya sake matsawa. Farcen tsoho ba ya saurin tsiro, nasa bai kai ko'ina ba, tsoka ce kawai ke danna ganye, ganyen ya lanƙwashe ya miƙe ba tabo. Ya saki, hannun ya faɗo kan cinyarsa.

Na durƙusa na ce, "Baba, na gane. Ni ce ban gane ba, yanzu na gane. Ka yafe mini."

Bai dube ni ba. Nawa farcen ma a yanke yake, amma akwai ɗan baki. Na kama ganyen na danna gefen jijiya da ƙarfi har na ji ya fashe. Wani ruwa ya fito, wari ya tashi, warin nan na tsohuwar kwalba da na ƙaramin ɗaki da na rigunan Baba. Yatsana ya ɗauki zafi kamar na taɓa tukunya. Na yi wa na biyu, na uku. A na huɗu ya yi gurnani, ya kama hannuna ya matsar da shi ƙasa kaɗan, kusa da inda ganye ya haɗu da reshe. Na danna a wurin. Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Sai yaushe zan tsinka? Gobe?"

Ya girgiza kai. Ya matsa bayan hannuna sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ya tsaya.

"Kwana uku."

Ya lumshe ido.

Na gama reshen, na koma na gaba, yana bina da ido, in na yi ba daidai ba ya yi gurnani. Ashe ƙunƙunin da yake yi da safe ba faɗa ba ne. Ni ma na tsinci kaina ina ce wa itacen, yi haƙuri, yi haƙuri, don Inna ne. Inna ta fito ta jingina da ƙofa tana kallonmu ta ce, "Shi ke nan, itacen nan ya shiga uku, abokan faɗa sun zama biyu."

Amma ni lissafi nake yi a zuci, kuma bai yi mini daɗi ba. Kwana uku kafin a tsinka. Sati guda tsutsotsi su ci su zubar da abin da zai isa. Kwana huɗu a inuwa. Sannan a daka, a cuɗa, Inna ta shafa kwana biyu kafin yatsu su saki. Sati biyu da ɗoriya ke nan, ma'aikaciyar jinya kuwa ta ce ƙarshen sati. Na san Baba ya fi ni sanin wannan lissafin.

Na mayar da shi ɗaki na jingina shi da filo. Romon da na dafa tun safe yana kan teburi a rufe, na ɗumama na kawo, don dai kada a ce ban gwada ba. Na zauna inda Inna ke zama. Ban wanke hannu ba, ni da ke sa a wanke kofi sau biyu, mantawa na yi. Na ɗebo rabin cokali na kai, ina jiran ya juya wajen bango.

Bai juya ba. Hannunsa mai rawa ya taso ya kama wuyan hannuna, romon ya zube a kan zani. Ya jawo babban yatsana kusa da idonsa. Ya kumbura, ya yi ja, ƙarƙashin ɗan guntun farcen ya yi baƙi-baƙi kore-kore. Ya kai shi hancinsa ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya riƙe shi a nan har na ji numfashinsa yana dukan fatata. Sannan ya sake ni.

Na sake ɗebowa. Inna daga bakin ƙofa ta ce a hankali, "Buɗe bakin nan, rigimamme."

Ya riga ya buɗe. Ya haɗiye, ya tsaya yana jiran na biyu. Cokali goma sha ɗaya ya sha ranar, ina ƙirgawa, ina kuka, ina hura masa. Da ya ƙoshi ya kau da kai, Inna ta matso ta dubi yatsan nawa ta ce, "Likita, gobe me za ki ce musu a wurin aiki?"

Na ce zan sa safar hannu biyu.